Ɗaurarren Kurkuku Biyu: Abul Ala'i Alma'arri

 

A cikin sha'iran Larabawa da sunayensu suka iso zaurukan karatunmu akwai wanda ake ambata da murya ƙasa-ƙasa. Malaman lugga suna girmama shi, malaman tauhidi suna ɗari-ɗari da shi, almajirai kuwa abin da suka riƙe game da shi bai cika wuce abu uku ba: makaho ne, ba ya cin nama, ya kulle kansa a gida. Shi ne Abul Ala'i Ahmadu ɗan Abdullahi ɗan Sulaimanu, wanda aka fi sani da Alma'arri. Duk ukun gaskiya ne. Sai dai kalmar kulle ta daɗe tana ɓatar da mutane a kansa, har a zaci wani tsoho ne mai ƙin jama'a da ya ja ƙyaure ya bar duniya da masu ita. Wanda ya bi tarihinsa a tsanake zai tarar cewa a cikin shekarun kullen nan babu gidan da ya kai nasa baƙi a garin.

An haife shi a shekara ta 363 bayan hijira, wato ƙarshen 973 ta miladiyya, a Ma'arratun Nu'uman, garin zaitun da ɓaure da ke kan hanyar Halab zuwa Hama a ƙasar Sham. Danginsa Banu Sulaiman ne daga ƙabilar Tanukh, gidan alƙalai da masu waƙa, kuma kakansa ya riƙe alƙalancin garin. Mahaifiyarsa 'yar Banu Sabika ce, wani sanannen gida na Halab. Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Saifud Daula, sarkin Halab da ya tara sha'irai a fadarsa yana kuma tare Rumawa a kan iyaka, ya rasu shekara bakwai kafin haihuwar yaron. A 969 Rumawa suka ƙwace Antakiya, a shekarar kuma Faɗimiyawa suka ci Misira suka kafa Alƙahira. Arewacin Sham ya zama ƙashin da manyan dauloli biyu da ƙabilun Larabawan daji suke ja a tsakaninsu, haka kuma ya zauna har ƙarshen ran Abul Ala'i.

Yana da shekara huɗu agana ta kama shi, ta bar masa zanzana a fuska, ta tafi da idanunsa. An ruwaito cewa a cikin launuka duka ja kaɗai ya riƙe, domin rigar da aka sa masa yana jinya jar rina ce. Ya fara karatu a gaban mahaifinsa, sannan aka kai shi Halab wurin malaman nahawu da lugga, cikinsu har da wanda ya ɗauki waƙoƙin Mutanabbi ya ruwaito su. Daga nan son Mutanabbi ya shige shi, bai kuma rabu da shi ba. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ya fara waƙa. Wani da ya san shi da ƙuruciya ya ba da labarin makaho mai raha, mai buga shaɗaranji, mai shiga kowace irin hira, wanda yake gode wa Allah a kan makanta kamar yadda wasu suke gode Masa a kan gani. Mun kawo wannan ne don a san cewa ba da halin kaɗaici aka haife shi ba.

Abu ɗaya dai ya bambanta shi da tsararrakinsa tun da wuri. A zamaninsa waƙa sana'a ce, kasuwarta kuwa ƙofar sarki: a yabi mai mulki a karɓi dinari, in ya hana a zambace shi. Abul Ala'i ya ƙi shiga wannan kasuwa, ya kuma faɗi hakan da kansa a gabatarwar diwaninsa na farko, Saƙɗuz Zandi, wato tartsatsin ƙyastu. A cikin diwanin akwai yabo, amma na 'yan'uwa ne da abokan ilmi ko na gwada ƙwarewa. Akwai ƙasidu a kan sulke. Akwai kuma marsiyyar da ya yi wa wani faƙihi Bahanife, Abu Hamza, wadda ɗalibai suke haddacewa har yau a makarantun Larabci. A cikinta ya bar kukan mutum ɗaya ya koma yi wa 'yan Adam duka ta'aziyya.

A ƙarshen 398, yana da shekara 35, ya kama hanyar Bagadaza. Birnin yana hannun sarakunan Buwaihi, halifa sai suna, amma ilmi bai ƙaura ba. Akwai Darul Ilmi, ɗakin littattafan da waziri Sabur ɗan Ardashir ya kafa a unguwar Karkh, mai ɗauke da littattafai fiye da 10,000, akwai kuma majalisun malamai, kamar ta Abdus Salami Albasari da take zama kowace Jumma'a. Sun karɓe shi, sun karanta masa, sun kuma karanta waƙoƙinsa a gabansa. Amma baƙo makaho daga ƙaramin gari ba ya rasa mai taka shi a babban birni. An ce wata rana yana shiga majalisa ya yi tuntuɓe da wani mutum, mutumin ya tambaya wane kare ne wannan. Abul Ala'i ya mayar masa da cewa kare shi ne wanda bai san wa kare suna saba'in ba. Maganar ta yi nisa. Bayan fiye da shekara ɗari huɗu Imam Suyuɗi, wanda muke karanta tafsirinsa kowane azumi, ya zauna ya tattara sunayen kare a cikin waƙa don kada zambon makahon ya hau kansa.

Wulakancin da ya fi shahara shi ne na majalisar Sharif Murtada, babban malamin Shi'a kuma ɗan babban gida. Murtada ba ya son Mutanabbi, ya shiga tona masa aibi. Abul Ala'i bai yi jayayya ba. Ya ambaci wata ƙasida guda ta Mutanabbi, ya ce ko ita kaɗai ya yi ta ishe shi daraja. Murtada ya fusata ya sa aka ja shi ta ƙafa aka fitar. Da aka tambaye shi dalili, sai ya bayyana wa jama'a cewa ƙasidar ba ta cikin manyan waƙoƙin Mutanabbi, makahon ya zaɓe ta ne saboda wani baiti a cikinta da yake mayar da suka a kan mai sukar. Habaici ne da sai masani zai gane, shi kuwa Murtada masani ne.

Shekara ɗaya da wata bakwai ya yi a Bagadaza. Dalilai biyu ya bayar na komawarsa: guzuri ya ƙare, kuma labari ya zo cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Ya tashi a watan Ramadan na shekara ta 400, kafin ya isa ta riga ta rasu. Ya aika wa mutanen garinsu wasiƙa yana sanar da su cewa ya yanke shawarar zaman gida, cewa ba shawarar dare ɗaya ba ce, ya daɗe yana juya ta, kuma bai je Iraƙi neman dukiya ko tara abokai ba, ya je ne don zama kusa da ilmi, ƙaddara ba ta ba shi ba. Ya ƙara da cewa ko mutanen gari sun gudu don tsoron Rumawa shi yana nan. Ya sa wa kansa suna Rahinul Mahbisaini, wanda aka jinginar a kurkuku biyu, makanta da gida. Daga baya ya ƙara na uku, wato zaman rai a cikin jiki. Shekara 49 ya yi a haka.

Abin da yake da shi wani wakafi ne mai kawo kimanin dinari talatin a shekara, rabi na mai yi masa hidima. Abincinsa adas ne, wani ɗan ƙanƙanin wake na ƙasar, da gurasar sha'ir. Kayan zaƙinsa ɓaure. Tufarsa auduga mai kaushi. Ya bar nama da kifi da ƙwai da nono da zuma. Bai yi aure ba. Yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda yake shiga ya ci abinci shi kaɗai, domin yana ganin cin makaho al'aura ne da ya kamata a suturta. Wata rana ya fito da ɗigon maɗi a ƙirjin rigarsa, wani ɗalibi ya ce, ashe malam ya sha maɗi. Ya yi sauri ya goge yana la'antar kwaɗayi. Wanda ya zauna da makafi masu jin kai ya san nauyin wannan ɗan labari. A ganinmu wani kaso na kullen nan kunya ce da kare mutunci, tun kafin a zo ga falsafa.

To amma ƙofar fa? Ya hana kansa fita, bai hana kowa shiga ba. Matafiyin nan Bafarishe, Nasiru Khusrau, ya ratsa Ma'arra a watan Rajab na 438, farkon 1047, ya rubuta abin da ya ji a garin: cewa makahon nan shi ne babban gari, mutane suna yi masa biyayya, yana sanye da tufa mai kaushi, ya yanka wa kansa 'yar gurasar sha'ir a yini, ƙofarsa a buɗe take, kuma ɗalibai fiye da 200 daga ƙasashe dabam-dabam suna karatu a gabansa. Matafiyin ya ɗauke shi mai dukiya da bayi, abin da bai yi daidai da sauran ruwayoyi ba. Mai wucewa da ya ga cincirindo a ƙofar gida yana da uzurin yin wannan zato.

Cikin ɗaliban akwai Abu Zakariyya Attabrizi. Ya samu kofen Tahzibul Lugga na Azhari, yana neman wanda zai karanta a gabansa ya tabbatar masa da shi, aka nuna masa Ma'arra. Ba shi da kuɗin hayar dabba, sai ya zuba littafin a jaka ya goya, ya taka daga Tabriz, har gumin bayansa ya ratsa jakar ya ɓata takardun. Ya zauna fiye da shekara biyu. Shi ne daga baya ya koyar da adabi a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya yi sharhin Hamasa da Mu'allaƙat da diwanin malaminsa. Shi ne kuma ya ba da labarin ranar da ya haɗu da wani ɗan garinsu a masallaci suka zanta da harshensu na Azarbaijan, malamin yana ji. Da ya dawo, malamin ya ce bai fahimci abin da suka faɗa ba amma ya riƙe shi, ya kuma maimaita masa hirar kalma bayan kalma.

Makaho ba ya rubutu. Duk abin da ya fito daga gidan nan shifta ce, wani ne ya riƙe alƙalami. Marubutansa suna da dama, har da 'ya'yan ɗan'uwansa, amma wanda shi kansa ya ware da godiya shi ne Abul Hasan Aliyu ɗan Abdullahi ɗan Abu Hashim, wanda ya yi shekaru yana rubuta masa littattafai ya kuma ƙi karɓar lada. Abul Ala'i ya rasa abin saka masa, sai ya wallafa littafi musamman don ɗansa. Mu da muka san zama gaban dattijo da takarda, a faɗa a warware, a ce karanto mini, a ce goge wannan, mun san abin da mutumin nan ya ɗauka, balle ga mai shifta irin Abul Ala'i da yake tono kalmomin da ko malamai sai sun buɗe ƙamus. Ana kiran zamansa kaɗaici, alhali yana tsaye ne a kan mai dafa adas, da mai karanto littafi, da mai fiƙe alƙalami, da garin da ya amince ya kyale shi a yadda ya zaɓa.

Garin kuwa ya ci amfaninsa a ranar da ya fi bukata. A zamanin Salihu ɗan Mirdas, wanda ya mallaki Halab daga 1025 zuwa 1029, wata mata ta shiga masallacin Jumma'a na Ma'arra tana kuka, tana ƙarar mai wani gidan giya da ya nemi cin mutuncinta. Masallata suka fita suka rushe gidan. Wazirin sarki ya ɗauki abin a matsayin tawaye, aka kama manyan gari saba'in, aka ɗora musu tara mai nauyi, sarki ya sauka da runduna a bayan gari. Mutane suka je gidan makaho suka roƙe shi. Ya dafa hannun ɗan jagora ya fita ta ƙofar gari, ya tsaya gaban Salihu ya yi gajeriyar magana mai haɗa girmamawa da roƙon afuwa, sarki ya ce ya bar masa su. Wannan ce fitar da masu tarihi suka sani ya yi a cikin shekara 49. Ko a nan bai yi murna da kansa ba; a baitocin da ya yi daga baya yana zargin kansa ne da abin da ya ga kamar fadanci a tsayuwar.

Babban aikin shekarun kulle shi ne Luzumu ma la Yalzam, lizimtar abin da ba dole ba, wanda aka fi sani da Luzumiyyat. Ƙa'idar waƙar Larabci, wadda rubutattun waƙoƙinmu suka gada, ita ce a riƙe harafi ɗaya na ƙafiya a ƙarshen kowane baiti. Mai waƙar Hausa da ya ɗauki amsa-amon "ra" yana iya rufewa da gora, ya bi da tsara, ya bi da hura. Abul Ala'i ya ɗora wa kansa riƙe harafin da ke gaban na ƙafiyar ma, kamar a ce in ka fara da shekara, to sai makara, sai takara, ba ka da mafita. Sannan ya sha alwashin bin haruffan Larabci duka, masu sauƙi da masu wuya, kowanne da rufu'a da wasalin bisa da wasalin ƙasa da ɗauri, abin da ya ba shi fasali 113. Waƙoƙin sun kusa 1,600, baitocin kuwa kimanin 11,000. Babu yabon sarki a ciki, babu begen mace, babu wasa kai. Akwai sarakunan da suke zaluntar talakawan da suke ci daga guminsu, da masu wa'azin da suke aikata abin da suke hanawa, da 'yan duba masu cin kuɗin jahilai, da tausayin tsuntsu da dabba, da mutuwa, da mutuwa kuma. Wani lokaci takunkumin ƙafiya yana jan shi zuwa kalmomin da ba su da daɗi a kunne, mai karatu ya gaji. Amma inda ma'ana ta yi daidai da takunkumin, baiti biyu nasa sun fi huɗubar wani.

Wanda ya ɗauka mutumin ba ya dariya, ya nemi Risalatul Gufran. Wajen 424, wato 1033, wani tsohon ma'abocin adabi na Halab, Ibnul Ƙarih, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙofofin wazirai, ya aiko masa da doguwar wasiƙa yana kukan zamani, yana tsine wa zindiƙai, yana nuna tubarsa. Abul Ala'i ya amsa da cewa kyawawan kalmomin da ya buɗe wasiƙar da su sun isa su kai shi Aljanna, daga nan ya shiga kwatanta yadda tsohon zai yi yawo a can yana neman sha'iran da. Wanda ya karanta Shu'ara'u shida a zaure zai tarar da su duka. Zuhairu da Nabiga suna cikin ni'ima. Imru'ul Ƙaisi da Antara da Alƙama da Ɗarafa suna cikin azaba. A'asha ya tsira saboda ƙasidar da ya shirya don yabon Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, amma an hana shi giyar Aljanna. Huɗai'a, sarkin zambo, yana wata 'yar bukka a can gefe. Shi kuwa Ibnul Ƙarih, duk wanda ya tarar, ko a tsakiyar wuta yake, tambayarsa ita ce me ya sa ka yi wa kalma kaza rufu'a, kuma baiti kaza naka ne ko ƙaga maka aka yi. Ya ba da labarin yadda ya tsaya a ƙofar Aljanna yana rera wa mai tsaronta yabo don ya buɗe masa, kamar yadda ya saba yi wa sarakunan duniya, mala'ikan bai ma san mene ne waƙa ba. A nan hukuncin Abul Ala'i a kan sana'ar roƙo ya fito fili. Masu bincike na Turai, tun daga wani malamin Sifaniya a 1919, sun yi ta kwatanta littafin da na Dante Ba'italiye wanda ya zo bayansa da kusan ƙarni uku. Mu wannan bai dame mu ba kamar yadda darasin lugga da ke cikinsa ya dame mu.

Yanzu sai maganar da ba a tsallakewa. Tun yana raye aka tuhumi aƙidarsa. An ce littafinsa Alfusulu wal Gayat, wanda ya tsara da saja'i, kishiyantar Alƙur'ani ne; kashin da ya tsira an buga shi a Alƙahira a 1938, mai karantawa kuwa zai ga tasbihi ne da wa'azi da bayanin baƙin kalmomi. Luzumiyyat ce ta fi wuya. A cikinta akwai baitocin da suke ɗaukaka hankali har su nuna babu jagora sai shi, da waɗanda suke haɗa mabiya addinai duka su yi musu kuɗin goro, da waɗanda suke taɓa wasu hukunce-hukuncen shari'a da tambayar da ba ta da ladabi. A cikinta kuma akwai tauhidi tsantsa, da kwaɗaitarwa ga salla, da tsoron hisabi. Ibnul Jauzi ya lissafa shi cikin manyan zindiƙai uku, tare da Ibnur Rawandi da Abu Hayyan Attauhidi. Ibnul Adim, masanin tarihin Halab wanda ya rasu a 660, ya bi dangin mutumin da takardun garinsa ya rubuta littafi guda don kare shi, Al'insafu wat Taharri. Shi kansa Abul Ala'i ya yi littafin Zajrun Nabih yana bayyana manufar baitocin da aka kama shi da su.

Abin da muke gani shi ne, baitocin da suka saɓa wa shari'a sun saɓa, ƙwarewar lugga ba ta wanke su, kuma ba a miƙa Luzumiyyat ga yaron da bai ƙoshi da tauhidi ba. Ƙin aure da ɗaukar haihuwa laifi ne ga abin haihuwa, wanda har ya yi wasiyya a rubuta baiti mai wannan ma'ana a kabarinsa, ba tafarkin sunna ba ne. Barin nama don zuhudu halal ne, amma shi ya kai ga ganin yanka zalunci, wannan kuwa ba haka shari'a ta ce ba. Hukuncin zuciyarsa da abin da ya cika a kai, wannan na Allah ne. Mutumin da garinsa na Musulmi, gidan alƙalai, suka zauna da shi shekara tamanin suka kuma tura shi ceto, ba a yanke masa wuta daga nesa da baiti uku da aka tsinto. Muna faɗin haka ne don mu ma a zangunanmu ba mu rasa malamin da ya janye daga taron suna da ƙofar masu kuɗi, kuma mun san saurin da ake yi wajen cewa girman kai ne, ko aljanu, ko wata ɓoyayyiyar aƙida.

Akwai inda tarihi ya rama wa mata a kansa. Ya yi musu mummunan zato a waƙoƙinsa, har ya ba da shawarar a koya musu kaɗi da saƙa a bar su da jahilcin rubutu, ra'ayin da jikokin ɗaliban Nana Asma'u ba za su saurara ba. Sai ga shi a ƙarni na ashirin, bayan Ɗaha Husaini, makaho ɗan'uwansa, ya yi digirin dakta a kansa a 1914, wadda ta tsaya ta tace Risalatul Gufran daga tsofaffin kofe ta fitar da ita a 1950 mace ce, A'ishatu Abdur Rahman, mai laƙabin Bintush Shaɗi'i. Gardama a kansa kuma ba ta mutu ba. A 1944 ƙasar Sham ta yi bikin cikarsa shekara dubu da haihuwa. A watan Fabrairu na 2013, cikin yaƙin basasa, wasu masu ɗauke da makamai suka sare kan mutum-mutuminsa a Ma'arra.

Jarrabawarsa ta ƙarshe ta zo daga Alƙahira. Babban mai da'awar Faɗimiyawa, Almu'ayyad Asshirazi, ya rubuto masa yana nuna kamar mara lafiya ne mai neman magani, yana tambayar hujjar barin nama, da nufin ya fito da abin da tsohon yake ɓoyewa. Wasiƙu biyar suka gudana. Abul Ala'i, yana da shekara tamanin da 'yan kai, ya kawo tausayin dabba, ya kawo tsufa, ya kawo talauci. Da ya ambaci talauci, Almu'ayyad ya ce zai sa sarkin Halab ya yanka masa abin da zai wadace shi. Ya ƙi.

Ya kwanta ciwo kwana uku a watan Rabi'ul Awwal na 449, wato Mayun 1057. An ruwaito cewa a rana ta uku ya ce wa danginsa su ɗauko alƙalami su rubuta, ya fara shifta, sai ya yi kuskure. Ɗan ɗan'uwansa, alƙali Abu Muhammad, wanda ya daɗe yana jinyarsa, ya juya ya yi wa jama'a ta'aziyya tun da sauran numfashi, domin ba su taɓa jin haka daga bakinsa ba. Washegari ya cika. An ce sha'irai fiye da tamanin suka karanta marsiyya a bakin kabarinsa.

Littattafan da aka lissafa masa sun haura hamsin, mafi yawansu a yau sai suna. Shekara 41 bayan rasuwarsa, a watan Disamba na 1098, mayaƙan Salibiyya suka ci Ma'arra bayan ƙawanya, suka karkashe mutanenta, abin da ke ajiye a garin ya salwanta. Alƙifɗi ya ce abin da ya tsira shi ne wanda ya riga ya fita daga garin kafin wannan masifa, wato kofen da ɗalibai suka juya da hannunsu suka tafi da shi Bagadaza da Misira da Andalus. Wanda yake da akwatin takardun kakansa a ɗaki, kofe ɗaya tilo, ga gara ga damina, ya san abin da wannan yake nufi. Cikin waɗanda aka daɗe ana lissafawa a ɓatattu akwai Risalatus Sahili wash Shahij, wasiƙar doki da alfadari, wadda ya shifta don roƙon gwamnan Halab ya ɗauke wa wasu danginsa harajin wata gona mara amfani, ya sa koken a bakin wani alfadari da ya gaji da jan ruwa a rijiya. An gano kofenta a ɗakin littattafan sarki a Rabat, can ƙasar Maroko, Bintush Shaɗi'i ta tace ta, aka buga ta a 1975.